Gashin Bakin Injiniya da Mutum-mutumin Shara

Duk layin babu wanda ya taɓa ganin takardar da ta sa ake kiran mutumin nan Injiniya. Shago gare shi na ƙwan fitila da wayar wuta da batir, kuma aikin injiniyanci ɗaya tak da aka san ya taɓa yi shi ne gyaran fankar Tela, wadda tun daga ranar take juyawa da baya, tana zuƙe iskar ɗaki tana kai wa rufi. Da Tela ya kawo ƙara, sai Injiniya ya ce ai haka fankokin zamani suke, zafi suke kwashewa. Shi ya raɗa wa kansa sunan, mutane kuma suka ga kiran sa da shi ya fi musu sauƙi a kan tsayawa gardama da shi.

Abin da ya fi sunan shahara shi ne gashin bakinsa. Baƙi ne wuluk, ya miƙe dama da hagu, ya lanƙwaso ya sauka har ya wuce haɓa. Tun yana saurayi reza ba ta taɓa leƙa wurin ba. Ko matarsa, Maman Auta, a haka ta same shi, ba ta taɓa ganin leɓensa na sama ba. Kansa ya yi fari fat, gemu in ya tsiro fari ne, amma gashin bakin nan ko sili ɗaya babu furfura. In an tambaye shi sai ya ce, "Jini ne. Haka na mahaifina yake har ya bar duniya." Maman Auta, wadda ita ke wanke wani tsohon buroshin haƙori da kullum take tarar da shi baƙi ƙirin a bayan madubi, ba ta taɓa cewa uffan ba.

Jikin shagonsa akwai shagon Mai aski, abokinsa na shekara da shekaru. Duk tsawon zaman nan Mai aski yana kallon gashin bakin kamar yadda akuya ke kallon ganyen da ke bayan shinge.

To, Injiniya yana da 'ya, Auta, malamar makaranta ce, tana koya wa yara haɗa ƙananan mutum-mutumi da bulon roba, irin masu launi-launin nan da ake danna wani kan wani su kama. Wata rana ta nuna masa guda: 'yar mota mai taya biyu, da ido a ƙarƙashinta yana kallon ƙasa. In idon ya ga fari, sai ta tsaya cak. In ya ga baƙi, sai ta bi shi duk inda ya nufa. Da za ta tafi wani kwas, ta ɗora kwalin kayan a kan kabad ta ce, "Baba, don Allah kada ka taɓa. Na yara ne."

"Ni? Me zan yi da kayan wasa?" in ji Injiniya.

Bayan tafiyarta, ana zaune da hantsi a shagon aski, Mai aski yana shara yana dafe da ƙugu.

"Wayyo bayana! Askin ba ya gajiyar da ni, sharar nan ce za ta ƙarasa ni."

Injiniya ya kai hannu ya murza gashin baki. Duk wanda ya san shi ya san in hannu ya kai wurin, to babbar magana na tafe.

"Kai har yanzu tsintsiya kake riƙewa? Duniya ta wuce nan. Mutum-mutumi ake sa wa."

"A ina zan samo shi?"

"Ga ni zaune a gabanka kana tambayar a ina?"

Tela, wanda ya gudo daga zafin shagonsa ya zo shan iska, ya yi gyaran murya ya ce, "Ni dai fankata..."

"Kai ɗinki ka sani, yi mana shiru." Injiniya ya gyara zama. "Ku saurara. Yaran da 'yata ke koya wa, sai sun manna baƙin layi a ƙasa kafin abin ya bi. Ni kuwa na hango abin da su kansu masu ƙera shi ba su hango ba. Gashi wane launi ne?"

"Baƙi," in ji Mai aski.

"Tayil ɗin shagon nan fa?"

"Fari."

"To magana ta ƙare! Ba layi, ba wahala. Gashi ya faɗo, ya gani, ya bi, ya kwashe. Kai kuma ka zauna ka miƙe ƙafa."

Gaskiyar magana, dabarar ta yi wa mutane kyau a kunne. Mai aski ne ya jingina da tsintsiya ya ce, "In kuma bai share ba fa?"

Da Injiniya ya yi dariya kawai ya wuce, da an zauna lafiya. Amma bakin da ya saba ba ya jiran shawarar mai shi. Ya kama gashin bakin da hannu biyu ya ja shi gefe da gefe.

"Ranar Asabar, in bai share gashi a shagon nan ba, ka zaunar da ni a kujerar can ka aske wannan. Tas!"

Tsintsiya ta faɗi daga hannun Mai aski.

"Tela, ka ji?"

"Na ji, kunnena biyu."

"Saja, ka ji?"

Saja tsohon soja ne da ke wuni a shagon yana gyangyaɗi. Ya buɗe ido ya ce, "Na ji. Ni ne alƙali, kuma kaina za a aske a yi gwajin."

Tun kafin Injiniya ya kai ƙofar gidansa ya fara lallashin kansa cewa abin da yara ke yi ai ba zai gagari mai sayar da wayar wuta ba. Ya sauko da kwalin, ya zazzage shi a tsakar ɗaki. Ya ɗauki bulo ja da shuɗi ya danna, suka kama. Ya ja, suka rabu. Ya sake dannawa, ya sake ja. Ya girgiza kai cikin takaici.

"Maman Auta, zo ki ga aikin banza. Abu ka haɗa, ka ɗan ja, ya rabu!"

Ta leƙo daga kicin. "Ba kayan da aka ce kada ka taɓa ba ne?"

"Taimakonta zan yi."

"Ni ina jin da gangan aka yi su haka, don yara su rushe su sake ginawa."

"Da gangan? Rowar gam suka yi. Ni ba na aikin da zai wargaje a gaban jama'a."

Ya koma shago ya kwaso gam, irin mai kama ƙarfen nan da in ya taɓa abu an gama magana. Kowane bulo sai ya shafe shi sama da ƙasa kafin ya danna. Ya duba 'yan batiran da ke ciki ya yi tsaki, ya cire su, ya ɗaura ƙaton batirin fitilar caji. Ya ga tayoyin na tafiya kamar masu jin barci, ya sauya musu inji da na wata tsohuwar na'urar huda bango. A gaba ya ɗaura buroshin gashin Maman Auta, mai zagayen nan, ya haɗa shi da inji yadda zai riƙa juyawa yana naɗe duk abin da ya samu. Ya danna makunni, 'yar fitila ta kawo kore. Daɗi ya kama shi, nan take ya shafe rufin motar da gam ya kifa a kai, ya danne da babban yatsa har ya bushe.

Da ya ɗaga hannu, wani jan bulo ya biyo yatsan.

"Na sa masa suna Kwamanda," in ji shi, yana ɓoye hannun a bayansa.

Maman Auta ta zagaya abin ta dube shi gaba da baya. "To, ta ina ake kashe shi?"

Injiniya ya dubi rufin. Ya dubi gam. Ya tuna inda makunni yake.

"Abin kirki ba a kashe shi," ya ce.

Ya sauke Kwamanda a ƙasa. Abu na farko da idonsa ya faɗa kai shi ne baƙar wayar cajin Maman Auta. Kafin a ce kwabo ya bi ta, ya naɗe ta kaf, ya fizgo wayar salular daga kan tebur ta bugi ƙasa. Ana cikin warware wannan, sai baƙar kyanwar gidan ta zo wucewa tana jan wutsiya. Kyanwar ta haye labule, daga labule ta haye kabad, kuma ranar ba ta sauko cin abinci ba. Maman Auta kuwa silifas ɗinta baƙi ne, don haka sai da ta zagaya kujera tana ihu kafin ta tuna ta tuɓe su ta jefar.

"Kin ga ƙarfi?" in ji Injiniya. "Kin ga himma?"

"Na ga abin da zan faɗa wa Auta."

Washegari abin ya fi muni. Wani jerin baƙaƙen tururuwa ya shigo ta ƙasan ƙofa, Kwamanda ya gan su ya ɗauki hanya. Injiniya ya bi shi yana tafa hannu, yana kiran matarsa ta zo ta ga ikon ilimi. Suka bi shi ta falo, ta lungu, har ɗakin kwana, har bayan akwatin takalma. A nan ya ture wani gwangwani, ƙwayoyin sukari suka watse a ƙasa.

Maman Auta ta riƙe ƙugu. "Baban Auta, ba likita ya hana ka sukari ba?"

"Wannan... na gwaji ne. Don tururuwan na ajiye."

"Gwangwanin ya yi tsatsa. Tun kafin a haifi Kwamanda kake shirya masa gwaji?"

Ta kwashe sukarin ta tafi da shi. Daga ranar sai a kan farin tawul ake ajiye Kwamanda, yana zaune shiru da koriyar fitilarsa, kowa na ratsewa nesa da shi.

Labari kuwa ya riga ya gama layi. Masu sayen ƙwan fitila suka ƙaru, ba don suna cikin duhu ba, sai don su ga jan bulon da ya ƙi barin yatsan Injiniya. Ya jiƙa shi a ruwan zafi, ya shafa mai, ya goga da dutse, bulo na nan daram.

"Injiniya, mene ne wannan a hannunka?"

"Na'urar sarrafa shi ce. Ba za ka gane ba."

Mai aski kuma ya samu sabuwar sana'a. Kullum da safe sai ya fito ƙofar shago ya zauna daidai inda Injiniya zai gan shi, yana wasa reza a hankali, yana 'yar waƙa. In sun haɗa ido sai ya ɗaga rezar ya ce, "Ina kwana, maƙwabci. Ya jikin Kwamanda?" Injiniya ya amsa da ƙarfi cewa lafiya lau, amma in ya shiga ciki sai ya tsaya gaban madubi ya daɗe yana shafa gashin bakin. Tsoro yake ji sosai, don bai san fuskar da ke ƙarƙashin abin nan ba, kuma ba ya son a yi masa gabatarwa da ita a gaban jama'a.

Ranar Asabar ya shiga banɗaki ya kulle, ya daɗe fiye da kullum. Da ya fito, gashin bakin na ƙyalli, baƙinsa har ɗaukar ido yake, ko bushewa bai gama yi ba. Maman Auta ta dube shi ta ce, "Yau kam jinin ya taso da yawa." Ya naɗe Kwamanda a farin tawul ya rungume shi ya fita.

Shagon aski ya cika maƙil, har taga an toshe da kawuna. Saja na kan kujera an ɗaura masa mayafi. A gaban madubi Mai aski ya shimfiɗa reza da sabulu da ruwan ɗumi, yadda kowa zai gani. Injiniya ya yi jawabi mai tsawo a kan ci gaban duniya, ya ce nan gaba kaɗan masu tsintsiya za su nemi wata sana'a, sannan ya sauke Kwamanda a tsakiyar tayil ya zare tawul.

"Bisimilla, fara aski."

Kilifar aski ta yi ƙara. Gashin Saja ya fara zuba a ƙasa, fari sol kamar auduga.

Kwamanda bai motsa ba.

Gashi ya ci gaba da zuba, har wani ya sauka a kan rufinsa. Koriyar fitila na ci, taya ko gezau. Injiniya ya dubi gashin, ya dubi tayil, sai gumi ya karyo masa. Ya ɗaga kai ya bi 'yan benci da kallo ɗaya bayan ɗaya: wannan furfura, wancan furfura, Tela kuwa sanƙo ne mai sheƙi. Shekara nawa yana wuni a shagon nan, bai taɓa lura ba cewa samari duk sun koma wancan shagon mai kiɗa na bakin titi, tsofaffi kaɗai suka rage wa abokinsa.

"Yana nazari ne," ya ce wa jama'a.

"Ko dai fankata ce ta haife shi?" in ji Tela.

"A samo mini mai baƙin gashi!"

Masu leƙe ta taga suka dafe kawunansu suka ja da baya. Injiniya ya ɗan tura Kwamanda da ƙafa don ya farka. Turin nan ya kai idonsa kan wayar kilifa, wadda ke kwance a ƙasa baƙa ƙirin. Inji ya yi kuka, buroshi ya kama wayar ya naɗe. Kilifar da ke hannun Mai aski ta zabura daga ƙeyar Saja, ta shata titi ɗoɗar har goshi, ta kuɓuce ta faɗi, filogi ya fita daga bango.

Saja ya dubi madubi ya shafa titin da yatsa. "Duk yaƙin da na je ba a yi mini haka ba."

Injiniya ya durƙusa ya warware wayar da ƙyar. Yana sakin Kwamanda, ya hango takalman Tela, baƙaƙe, an shafa musu mai saboda taro. Tela ya yi tsalle ya haye benci, bencin ya ɗaga, dattawa biyu da ke ɗaya gefen suka zame suka zube a kan juna. Saja ya miƙe tsaye da mayafi a wuya yana ba da umarni: "A kewaye shi! Ku biyu ta hagu! Kada wanda ya ja da baya!" Shi kansa kuwa a kan kujera yake tsaye. Wani ya jefa hula, wani ya jefa tsintsiya. Kwamanda ya zagaya shagon, ya ture kwandon shara, ya dawo tsakiyar ɗaki inda ba komai sai farin tayil da farin gashi, ya tsaya cak kamar ba shi ya yi ba. Duk ɓarnar nan, ko sili ɗaya bai ɗauka ba.

Mai aski ya ɗauki reza ya buɗe ta a hankali. "Injiniya, kujera ta samu."

"Tsaya! Ƙura ce ta shiga idon. Bari in hure masa."

Ya kwanta rub da ciki a gaban Kwamanda, ya manna kumatu da tayil, ya tara iska a baki. Gefen dama na gashin bakin ya sauka ya miƙe a kan farin tayil, dogo, baƙi wuluk, tun daga ƙarƙashin idon Kwamanda har hancin mai shi. Tunda aka ƙera abin nan bai taɓa samun layi mai kyau irin wannan ba.

Ihun da Injiniya ya yi, an ce har masu kiɗan bakin titi sai da suka rage sauti.

"A kashe shi! A kashe shi!"

"Ta ina?" in ji Mai aski.

"Ai abin kirki ba a kashe shi," in ji wata murya daga ƙofa. Maman Auta ce, ga Auta a bayanta da jakar tafiya a kafaɗa, saukarta ke nan aka ba ta labari. Auta ta jefar da jakar ta kutsa cikin mutane.

"Ku ɓalle rufin, makunnin na ciki! Ja kawai za ku yi, bulo ne!" Ta durƙusa ta sa farce ta ja. Ta sake ja. Ta dubi yatsunta, ta dubi mahaifinta. "Baba! Gam ka sa?"

"Mmmm!" in ji Injiniya, don buroshi ya riga ya naɗe har gindin hanci, leɓensa ya miƙe kamar roba. Tela ya sauko ya kama Kwamanda ta baya yana ja, ihun ya ƙaru. Saja ya ce a zuba masa ruwa, Auta ta ce kada a kuskura. Aka yi ta cusa farin tawul, ba wurin shigarsa.

Mai aski ya ajiye reza ya ɗauki almakashi ya durƙusa. "Maƙwabci, da izininka?"

"Yanke! Yanke!"

Ƙyas!

Kwamanda ya kuɓuce da ganimarsa. Buroshin ya jiƙe da abin da ke jikin gashin, don haka duk inda ya gurza sai ya bar baƙin layi a kan tayil, idonsa kuma ya ga layin ya bi. Haka ya shiga zagaye a tsakiyar shago, yana zana wa kansa hanya yana bin ta. Tela ya dangwali layin da yatsa, ya shinshina, ya nuna wa jama'a.

"Injiniya, ashe jinin gidanku har tayil yake rinawa?"

Dariyar da aka ɓarke da ita sai da ta sa wani dattijo ya nemi ruwa. Auta ta cafke Kwamanda ta dangwarar da shi a kan farin tawul, ya yi shiru.

Injiniya ya miƙe ya kakkaɓe riga. Ko a wannan hali bakin bai mutu ba. Ya ɗaga yatsa mai jan bulo ya nuna buroshin.

"Ku dakata da dariya. Me na ce? Na ce zai share gashi a shagon nan. Alƙali, mene ne wancan a jikin buroshi?"

Saja ya sauko daga kujera ya duƙa ya duba da kyau. "Gashi ne."

"A ina ya kwashe shi?"

"A ƙasa, a shagon nan. Da idona na gani."

"To wa ya ci?"

Kowa ya zuba wa Mai aski ido, ana jiran gardama. Shi kuwa sai ya naɗe rezarsa, ya zubar da ruwan ɗumi, ya mayar da sabulu cikin kwano.

"Gaskiya ne, Injiniya ya ci. Na faɗi. Ba ni da ikon taɓa ko sili ɗaya a fuskarsa."

Injiniya ya buɗe ƙirji, ya juya don ya gode wa jama'a, sai ya yi ido huɗu da madubi. Hagu ga gashin baki har haɓa, yana nan da martabarsa. Dama kuwa ɗan guntun tushe ne, gindinsa fari fat. Ya karkata kai ta nan, ya karkata ta can, babu ta inda abin ya yi kyau. Ya nufi ƙofa, ya ga layi ya cika da mutane har tsallaken titi, masu shaguna duk sun fito. Ya dawo ya tsaya kusa da kujera.

"Ɗan daidaita mini shi."

"A'a, ni da na faɗi? Ka tafi da abinka, ka ci shi da guminka."

"Kaɗan kawai za ka rage."

"Alƙali na nan. In na taɓa, na ci amana."

Injiniya ya yi shiru. Mutanen shagon ba su taɓa jin shirunsa ba, sai dariyar ta fara lafawa da kanta. Ya hau kujerar ba tare da an ce ya hau ba, ya sunkuyar da kai, ya yi magana a hankali yadda sai na kusa ne suka ji.

"Don Allah, don zaman tare. Aske shi duka."

Mai aski ya ɗaura masa mayafi. Shekara da shekaru yana mafarkin ranar nan, ga ta ta zo, sai ya ji babu daɗin da ya zata. Tausayin abokinsa ya kama shi, har sai da ya tsaya ya goge hannu kafin ya ɗora reza. Ya yi askin a natse, ya tattara gashin bai bar shi ya taɓa ƙasa ba, ya naɗe a farar takarda ya sa masa a aljihu.

Mutumin da ya ɗago daga kujerar, da a hanya aka gamu da shi, ba wanda zai gaishe shi da Injiniya. Auta ta zo da faɗa cike da bakinta, ga kayan yara an mayar da su dunƙule ɗaya, amma da ta dube shi sai faɗan ya narke.

"Baba, ranar Litinin za ka bi ni makaranta da abin nan, ka nuna wa yara da bakinka dalilin da ya sa ba a sa wa bulo gam."

Injiniya ya ɗan farfaɗo. Ya waiwayi 'yan benci. "Kun dai ji da kunnenku. Makaranta ta gayyace ni in ba da lacca."

Ya kai hannu zai murza, yatsunsa suka kama iska. Hannun ya tsaya a wurin da jan bulonsa, bai san inda zai koma ba.

Maman Auta ta matso ta kama hannun ta sauke masa shi. Ta tsaya tana kallon fuskar mijinta kamar yau aka kawo mata shi, ta dubi hagu, ta dubi dama, idonta ya ɗan kawo ruwa, tana kuma danne dariya.

"Baban Auta," ta ce, "ashe ɗan bakinka ƙarami ne haka? To duk surutun nan na shekara da shekaru, ta ina yake fitowa?"